Sassaben da Na Yi wa Illa

Sallama gare ku, masu karatu. Ni ce Kadidiya. Yau zan faɗa muku abin da na aikata da hannuwana biyu, abin da ko 'ya'yan cikina ban taɓa zaunar da su na gaya musu ba. In kun ji na fara kare kaina a tsakiyar labari, kada ku biye mini, halina ne. Tun ina budurwa hannuna ya fi hankalina sauri, tsufa kuma bai gyara komai ba.

A lokacin shekara shida ke nan da ƙasarmu ta samu mulkin kai, ni kuma ina da goma sha takwas. Mahaifiyata ta rasu tun ban yi wayo ba, sai Gwaggo Hajaratu, yayar mahaifina, ta ɗauke ni ta riƙe a Tawa. Mahaifina, Baba Ma'azu, yana can ƙauyenmu, arewa da gari, kusa da Affala. Da damina nakan je in yi masa girki, da rani in dawo wurin Gwaggo.

Gidan Gwaggo gidan mace ne mai son a gani. Gado mai rumfa, jeren kwanoni har kusa da rufi, ƙasan ɗaki farin yashi ne da ake tankaɗewa duk Juma'a. In kara ɗaya ya faɗi a tsakar gida ba ta iya kai loma baki sai an ɗauke shi. A hannunta na tashi, don haka ni ma duk abin da na gani a warwatse sai hannuna ya fara ƙaiƙayi.

Ɗakin ƙofar gida kuwa wani ma'aikacin gandun daji ne ke haya a ciki, Mushe Tukur, mutumin Damagaram (a wurinmu Mushe ake ce wa ma'aikacin gwamnati, kamar a ce Malam). Kaki a goge, agogo a hannu, ɗan babur ɗinsa da ake kira mobilet a jingine cikin zaure. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin kirki ne, bai taɓa tare ni a hanya ba. Gwaggo kawai ya gaya wa yana sona, ita kuma tun daga ranar ta koma kiransa "ɗana".

Ni kuwa Illa nake so.

Illa maraya ne. Ya tashi yana kiwo tare da Buzaye wajen Tebaram, daga baya ya zo ƙauyenmu ya zauna. Dogo ne, baƙi, in zai yi magana sai ka gaji da jira. Taguwa ɗaya na san shi da ita, ruwan ƙasa, ta yage a kafaɗar hagu. A lokacinmu babu waya, Azumi mai cuku ita ce wayarmu. Duk Lahadi in ta kawo cukunta kasuwar Tawa sai ta biyo gida, ta jawo ni bayan madafa ta sauke saƙo.

"Illa na gaishe ki. Ya ce in hwaɗa miki gara ta shiga."

"Gara? Ina?"

"Cikin fakon nan. Murna shike kamar an yi mishi haihuwa."

"Shi ke nan saƙon?"

"Ga magarya, ya ce in ba ki."

Don Allah ku gaya mini, wace budurwa ake aiko wa da labarin gara mai cin itace? Sa'o'ina turare ake aiko musu da 'yan kunne. Amma sai in ƙulle magaryar a bakin zanena, in yi kwana uku ina cinta ɗaya-ɗaya.

Bari in yi muku bayanin fakon, don a kansa komai ya tsaya. Baba yana da wani fili a bayan ƙauye wanda ya mutu murus. Ƙasa ce ja, ta daskare kamar daɓen ɗaki, in ruwan sama ya sauka ba ya shiga, gudu yake yi ya tafi kwari. Wannan shi ake kira fako. Baba yakan ce zamanin kakansa wurin dajin geza ne da gamba, har saniya kan ɓace a ciki. Sara da kiwo da noma suka cinye shi.

Illa ba shi da gona, a wurinmu kuma ba a ba mutum mata alhali ba shi da inda zai sa hauya. Sai ya je ya roƙi Baba rabin fakon. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ɗauki. In ka tada shi naka ne, kai da wadda za ka aura." Ya san wadda ake nufi, ni ma na sani.

Bayan damina ɗaya sai biron su Mushe Tukur, wato ofishinsu, suka nemi ɗaya rabin, za su gwada dashen itatuwa. Baba ya ba su, don a lokacin ba a ce wa biro a'a. Shi ke nan fili ɗaya ya rabu biyu, gabas na Mushe, yamma na Illa, duk mai wucewa kasuwar Affala sai ya ja jakinsa ya tsaya ya kwatanta.

Gefen Mushe abin kallo ne. An ja igiya an haƙa ramuka layi-layi, an kawo 'yan itatuwa daga lambun reno na Tawa, gawo da dakwara da bagaruwa, kowanne a cikin 'yar tukunyarsa. An kewaye wurin da waya. Mutum biyu da jakuna suna jigilar ruwa a salka daga rijiya safe da yamma. Tsakiyar rani, ko'ina ya bushe, nan kuwa kore shar.

Gefen Illa kuwa, Allah na tuba, juji ne. Duwatsu ya jera a gicciye suna tare hanyar ruwa. A tsakaninsu ya jibge busassun rassan ƙaya da karan gero da kashin awaki da duk tarkacen da ya samu. Tsofaffin kututturan geza da sabara da kalgo da suka yi toho, waɗanda kowane manomi ke sarewa kafin damina, shi sai ya rage musu reshe biyu ko uku ya bar su a tsaye. Ga shi ya hana mata ɗaukar ko tsinke, a garin da mace ke tafiyar rabin yini neman itacen girki. Har suna suka sa masa, wai Mai Rowar Ƙaya.

Da bazara ta kama, Azumi ta kawo saƙon da na shekara biyu ina jira: Illa zai kawo kawunsa da goron tambaya. Gwaggo ta yi tsaki, ta ɗaura zanenta na atamfa mai ruwan goro, ta yafa mayafi, muka hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa ƙauye. Ran Asabar muka isa. Aka ce Baffa Dodo, wan Baba, shi zai zo ran Juma'a ya karɓi goro, amma sai ya fara ganin gonar mai nema, yadda aka saba.

Da la'asar ɗin ranar Illa ya kai mu fakon, ni da Gwaggo. Ita ta tsaya daga bakin hanya tana kare zanenta daga ƙaya. Ni kuwa ya ce mini, "Zo ki gani."

Ya durƙusa, ya ɗaga wani reshe a hankali.

"Sa hannunki nan."

Na sa. Ƙasar da na sani tana karya bakin hauya, sai na ji yatsana ya nutse a cikinta.

"Gara ta zo cin kara, ta huda ƙasa, ruwa ya samu ƙofa," ya ce. "Iska ta kawo rairayi da iri, ƙaya ta riƙe su. Kin ga wanga ɗan ƙarami? Iccen kandili ne, cikin kashin akuya yaz zo. Ba ni na shuka shi ba, kuma ba ruwanshi da salka. Ƙaya ke tsare shi daga awaki da rana. Haka na gani a daji, duk inda icce ya faɗi ya ruɓe, nan ciyawa ke fara dawowa. Damina biyu munka yi. In ta ukku ta iske abin ga kwance yadda shike, ƙasa ta tashi."

Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba. Ni kuwa ina? Idona na kan yagar kafaɗarsa, ina tunanin ko zai yarda in ɗinke masa kafin Juma'a, ina kuma satar kallon Gwaggo da ke can ta riƙe haɓa tana duban gabas tana duban yamma. Maganarsa ta shiga kunnena, amma kunya ce ta cika mini ciki.

Muna komawa gida Gwaggo ta zaunar da ni a bakin murhu.

"Kin gani da idonki ko? Ni ba ni yi miki dole, Babanki ma ba shi yi. Amma Dodo kin san shi. Bara ya kori wani mai neman ɗiyarshi don ya je gonar yaron ya iske sabara tsaye. Ya ce wanda bai iya sassabe ba, bai iya riƙon mace ba. Ran Juma'a zai tsaya nan, ya dubi aikin Mushe, ya dubi jujin ga. Mi kike so shi ce?"

"Gwaggo, aiki ne shike yi."

"Aiki? Tara shara aiki ne? To ni ma in bar gidana wata ukku ba shara, in ce aiki nike."

Gaskiya ta faɗa game da Baffa Dodo. A wurinmu ana sanin namiji da tsabtar gonarsa. Kafin ruwan farko sai ya bi ta ya sare duk wani toho, ya tara, ya ƙone, ta zama fes. Wanda ya bar itace a gona rago ne, babu wata fassara.

Washegari na tare Illa a bakin rijiya.

"Ka ɗan gyara wurin nan kafin Juma'a mana. Ko gefen hanya kawai."

"Bayan damina."

"Juma'a za su zo, ba bayan damina ba."

"Sai in yi musu bayani."

"Kai? Kafin ka gama magana ɗaya Baffa ya hau jakinshi ya kai gida."

Sai ya yi dariya, irin dariyarsa marar sauti, ya ce in kwantar da hankalina. Ran Litinin da safe ya hau raƙumin aro ya nufi Tebaram ɗauko kawunsa, ya ce sai Juma'a.

Masu karatu, na ce kada ku biye mini in na fara kare kaina. To ga shi zan fara. Tsoro nake ji. A zuciyata na ga Baffa ya ce a'a, na ga Illa ya sunkuyar da kai ya tafi ba tare da ya ce uffan ba, don haka yake. Na ce a raina, shi ba zai iya ba, ni zan yi masa. In aka ɗaura aure ya tara shararsa har ta kai sama, babu mai hana shi. Ɗauka na yi abu ne da ake kwashewa a mayar, kamar kwanonin Gwaggo.

Ran Talata da hantsi na je rijiya na sami mata cike.

"Duk mai son icce ta tahi fakon Illa ta kwasa."

Wata ta ce, "Mai Rowar Ƙaya? So kike shi biyo mu da sanda?"

"Shi ya ce. Baƙi za shi yi ran Juma'a."

Ƙarya ta farko ke nan. Ta biyu Baba na yi wa, da ya ga mata suna wucewa da dammuna a ka ya tambaye ni. Na ce Illa ne ya bar mini sallahu. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe yaron ya yi hankali."

Mata sun fi talatin. Shekara biyu suna kallon itacen nan suna haɗiyar yawu, ga shi yau an buɗe musu. Ni ce a gaba, na ɗaure ƙugu da tsohon zane, ina ja ina jifa. Can na kama wani babban reshen ƙaya na fizge, sai na ga abin da ke ƙarƙashinsa. Ƙasa baƙa, mai laushi, duk ramukan gara. Busasshiyar ciyawa ta yi kwance da irinta. A tsakiya ga 'yan itatuwa guda bakwai ko takwas, ba su wuce tsawon tafin hannu ba, ganyensu ƙanana, kore, a tsakiyar bazara. Rana ta faɗa musu kai tsaye.

A nan na gane. Duk abin da ya gaya mini ran Asabar ya dawo mini, kalma bayan kalma. Na tsaya da reshen a hannu.

Kamata ya yi in mayar da shi. In ɗaga murya in ce ku tsaya, ƙarya na yi. Lokacin ko sulusin wurin ba a kwashe ba. Amma na waiga na ga mata talatin suna dariya suna ɗaurin itace, wata har tana yi mini waƙar amarya. In ce musu me? In ce ni Kadidiya, 'yar riƙon birni, na yi ƙarya a bakin rijiya? Na jefar da reshen kan tari na ci gaba da aiki. Wannan tsayawar da na yi, da ci gaban da na yi bayanta, su ne ban taɓa gaya wa kowa ba sai mutum ɗaya, sai ku yau.

Ran Laraba na ɗauki gatarin Baba na bi kututturan nan na sare tohon da ya shekara biyu yana reno. Sabara, geza, kalgo, wasu sun kai ƙirjina. Ran Alhamis na tara karan da ya rage da guntayen ƙaya na cinna musu wuta, na bi da tsintsiyar kaba na share. Duwatsun ne kawai suka fi ƙarfina, na bar su. Kafin la'asar awakin gari sun shigo, abin da rana da wuta suka rage suka ƙarasa. Na tsaya a bakin hanya na dubi wurin, ja, fes, babu ko tsinke. Hannuwana duk sun farfashe da ƙaya, sai na kwaɓa lalle na ƙunsa don ya rufe.

Ran Juma'a na yi kwalliya. Zane baƙi mai ratsin fari, rigar leshi da Gwaggo ta ɗinka mini a Tawa, tozali, da warwaro huɗu na mahaifiyata. Bayan an sauko daga masallaci a Affala maza suka taho tare, Baffa Dodo a gaba da sandarsa, Baba, kawun Illa, da Illa a baya sanye da sabuwar riga fara da ban san yana da ita ba. Kai tsaye fakon suka nufa. Ni da Gwaggo muka biyo su daga nesa da ƙwaryar ruwa.

Baffa ya tsaya, ya dubi wurin daga wannan dutse zuwa wancan, ya buga sandarsa a ƙasa.

"To, ga gona. Ni da anka ce mini rago ne? Ma'azu, wanga yaro ya san aiki. Ko hatsi bai fito nan ba, mai wanga sassabe ba shi barin mace da yunwa."

Kawun Illa ya yi ta godiya. Baba yana murmushi. Gwaggo ta ce ƙasa-ƙasa, "Ai ke kinka so." Ni kuwa Illa nake kallo. Ya tako a hankali zuwa wani kututture, ya sunkuya ya shafa bakin saran da yatsa, ya miƙe. Da Baffa ya miƙa masa hannu ya karɓa da hannu biyu, cikin ladabi. Aka koma gida, aka raba goro, aka yi fatiha, aka sa rana bayan kaka. Abin da na nema na samu, ko kwabo bai ragu ba.

Washegari da safe na dama fura da nono na kai wa Illa fakon, don na san can zan same shi. Sai na tarar da mobilet a bakin hanya. Mushe Tukur ya zo duba dashensa, ga shi tsugune kusa da Illa a gefen yamma, littafinsa a hannu. Ba su ji zuwana ba.

"Ɗari uku na dasa," Mushe yake cewa. "Ranar da aka daina ba su ruwa, in talatin sun rayu na gode wa Allah. Saiwarsu ta naɗe tun a cikin tukunya, ba ta iya huda fako. Naka kuwa na ƙirga su watan jiya, sun haura ɗari huɗu, babu wanda aka ba ko cokali ɗaya na ruwa. Har na rubuta wa shugabana ya zo ya gani bayan ruwan farko. Malam Illa, wa ya yi maka wannan ɓarna?"

"Awaki ne," in ji Illa.

"Awaki ba sa kunna wuta."

Sai Mushe ya ɗago ya gan ni. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi hannuwana. Lalle yana rufe launi, amma ba ya rufe kumburi. Mushe ya rufe littafinsa, ya gaishe ni a takaice, ya tura mobilet ɗinsa har bakin hanya kafin ya tayar. Mutumin da nake jin kunyar a kwatanta Illa da shi, ashe shi zuwa yake yi yana koyo.

Na ajiye ƙwaryar. Illa bai dube ta ba.

"Shekara biyu ina tsaron wurin ga," ya ce. "Na yi faɗa da mata, na yi faɗa da makiyaya. Ke kaɗai ban tsare ba."

"Don kai na yi."

"Na sani."

"Baffa ya yarda. An sa rana, Illa."

"Wanda ya yi sassabe anka ba ke. Ni ban yi sassabe ba."

Ya daɗe yana murza toka a tsakanin yatsunsa, sannan ya ce, "Ranar da na ɗaga miki reshen nan, kin ji abin da na ce?"

"Na ji."

"Kin gane?"

Da na ce ban gane ba, da ya yafe mini a take, na san shi. Amma idonsa na cikin nawa, ƙarya ta uku ta ƙi fitowa.

"Ran Talata na gane. Da na ɗaga reshe na gan su."

"Kuma kinka ci gaba."

Nan fa bakina ya ƙwace mini, yadda ya saba in an kama ni da gaskiya. Na ce, "To sai mi? Icce ne fa da ciyawa. A kan ƙaya za ka tsare ni da ido kamar na kashe mutum? In ba don ni ba da yanzu Baffa ya kore ka kamar kare."

Ya ɗauki ƙwaryar, ya kurɓi furar sau ɗaya don kada a ce ya ƙi, ya miƙo mini da hannu biyu.

Kwana huɗu bayan nan ya bi kamiyon masu zuwa Abijan. Mazan ƙasarmu sun saba tafiya, amma bayan kaka suke tafiya, babu mai barin gida ruwa na shirin sauka. Ya gaya wa Baba zai je neman abin biki. Ni kuwa wurin Azumi ya bar mini saƙo, kalma biyu: "Sai Allah."

Ruwan farko da ya sauka na fita na tsaya a bakin fakon, zanena ya jiƙe sharkaf. Ruwa ya bi ta kan ƙasar ja yana gudu, ya kwashe tokar da na bari da laushin da gara ta yi, ya tsallake duwatsu ya tafi kwari. Bakin duwatsun kawai ya ɗan riƙe rairayi. Na yi kuka a wurin har muryata ta dushe, kuma ba wanda zan ce ya yi mini.

Kaka ta zo ta wuce, ranar da aka sa ta wuce. Na koma Tawa. Duk Lahadi ina bakin ƙofa tun hantsi, Azumi kuwa tun daga nesa take kaɗa mini kai. Na rame har warwarona suna zamewa. Da rani ya yi tsakiya biro ya janye masu jakuna, zancen Mushe ya tabbata: layukan nan kore suka zama tsinke, ashirin da 'yan kai suka tsira. Shi da kansa ya gaya wa Gwaggo, ina jinsu daga madafa. Bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya gani a hannuwana ba, wannan kuma ya sa na ƙara kasa haɗa ido da shi.

Da bazara ta zagayo aka yi wa Mushe canjin wurin aiki zuwa Maraɗi. Gwaggo ta same ni ina tankaɗe.

"Ƙarshen wata za shi tahi. Ya ce ba shi matsa miki, amma shina son amsa ran Lahadi. Shekara guda, Kadidiya. Mutum ya bar ki da goro a baki."

"Ina jiran maganar Illa."

"In ta zo kafin Lahadi, na bi ki."

Ran Juma'a sai ga Baba ya sauka daga kamiyo, ko ruwa bai sha ba ya zauna a kan tabarma ya zaro takarda daga aljihun rigarsa. Wani ɗan ƙauyenmu ne ya dawo da ita daga Abijan. Da ajami aka rubuta, Baba kuwa ya yi allo, yana iya bi a hankali. Na durƙusa a gefensa, Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki.

"Daga Illa zuwa ga Baba Ma'azu, gaisuwa mai yawa. Ina lahiya, ina aikin dako a bakin ruwa. Ina roƙo kada a bari a kwashe duwatsun nan. Kututturan ba su mutu ba, saiwarsu na ƙasa, za su sake toho. In sun yi, a bar ma kowane reshe biyu. A zuba kara da ƙaya kafin ruwa, a hana awaki. Damina huɗu za ta ɗauka yanzu, ba ukku ba. A ba wanda zai iya jira. Goron da kawuna ya kawo, a bar shi sadaka. A gaida Baffa Dodo, a gaida Gwaggo, a gaida Mushe, a ce mishi ya gwada ƙaya a gefenshi. Wassalam."

Baba ya ɗago kai daga takardar.

"Ci gaba," na ce.

"Ta ƙare, ɗiyata."

"Ka tsallake layi. Sake dubawa."

Ya sake bi da yatsa tun daga sama, leɓensa na motsi. Har Mushe an gaisar. Sunana babu.

"Baba, juya bayanta."

Ya riga ya karanta ta a ƙauye, ya san abin da ke baya. Duk da haka ya juya ta, ya ɗaga ta wajen haske, ya daɗe yana dubawa saboda ni. Sannan ya ninke ta a hankali ya sa mini a hannu.

Daga bakin ƙofa Gwaggo ta ce, da muryar da ban taɓa jin ta yi laushi haka ba, "Jibi Lahadi, Kadidiya."